Wai Ka Ajiye Rauhani Ya Riƙa Kawo Maka Arziki?

Tallan ya bar lungu ya dawo cikin waya. Za ka ga mutum da rawani, kaskon turare na hayaƙi a gabansa, littattafai jibge a bayansa, yana rantsuwa zai haɗa ka da "hadimi", wai rauhani musulmi da ba ya cuta. Kai naka turare da wuridi da ɗan yanka lokaci-lokaci, shi kuma nasa buɗe kasuwa, karya maƙiya, har da ajiye kuɗi ƙarƙashin sallaya. Cuɗe-ni-in-cuɗe-ka, in ji su. Abin da ya ishe ni shi ne masu tura wannan talla gaba ba jahilai ba ne kawai. Akwai 'yan kasuwa, akwai ma'aikata, akwai matan aure masu digiri.

Ko a ce aljani, ko iska, ko rauhani, ko mutanen ɓoye, ba sunan ne ya dame ni ba, kuma ban zo musun samuwar aljanu ba. Magana ɗaya nake so mu tsefe: wai ɗan Adam zai ƙulla hulɗa mai ɗorewa da su, kowa ya ci riba.

Mu tambayi waɗanda suka fi kowa daɗewa a harkar, wato 'yan bori. Bori ya girmi jihadin 1804, kuma ya bi Hausawa har ƙetaren Sahara; wani Bature, Tremearne, ya tarar da shi a Tunis da Tarabulus, ya fitar da littafi a kansa a 1914. A wurinsu mutum ba ya wayar gari ya ce yana neman abokin ciniki cikin iskoki. Ciwo ne ke kai shi: shanyewar hannu ko ƙafa, yawan ɓari, wabi, taɓin hankali. Idan magani ya ƙi ci, sai a ce iska ce ta kama shi, a yi masa girka. A killace shi kwanaki, ana ba shi jiƙe-jiƙe yana sha yana wanka, masu garaya ko goge suna kaɗa taken iskoki ɗaya bayan ɗaya, ana yi musu kirari, har wadda ta kama shi ta hau. In ta gama abin da za ta yi, sai atishawa, ta sauka. Girka ba korar iska ba ce, sulhu ne da ita. Daga ranar mutum ya zama dokinta, in mace ce goɗiyarta, har ya mutu.

To me sulhun ya ƙunsa? Cikin iskoki, Ɗan Galadima yana son babbar riga, turare da goro. Malam Alhaji fararen kaya da tasbaha. Kowace iska da irin dabbar da ake yanka mata da launinta, kuma akan samu mutum da iska fiye da ɗaya. Ga kuɗin makaɗa, ga na uwar girka, ga wasan da za a shirya a ciyar da jama'a. Wanda ya yi sakaci, in ji su da bakinsu, ciwonsa zai dawo. Ina ribar a nan? Wannan bashi ne da ba shi da ranar ƙarewa, kuma mai faɗin adadinsa mutum ne irinka, shi ne kuma zai ci naman. 'Yan bori, duk da saɓanin da nake da shi da su, ba su taɓa cewa iska injin buga kuɗi ce ba. Da haka ne, da Sarkin Bori ya fi kowa dukiya a kowane gari. Ku je ku ga gidajensu.

Dubi maganar iskar da ake kira Inna. Shekaru aru-aru, yaro ya kwana da zazzaɓi ya tashi ƙafa ta saki, a ce Inna ce ta sha ta. An yi yanka, an kai nono, an ba ta haƙuri iya ba da haƙuri, yara ba su daina shanyewa ba. Abin da ya tsayar da shan-inna ɗigo biyu ne na rigakafi a baki. An ga mai ɗauke da ƙwayar cutar ta asali na ƙarshe a Nijeriya a Borno cikin 2016, kuma a watan Agustan 2020 aka tabbatar nahiyar Afirka ta rabu da ita. Babu wanda ya je ya sake zaman sulhu da Inna kafin hakan.

Sai masu tallan su ce ai nasu ba bori ba ne, rauhani ne musulmi mai salla. Wane musulmin kirki ne zai sa ka yanka masa baƙar akuya ba tare da ambaton Allah ba, ko ka binne ta a mararraba? Alƙur'ani bai bar wannan magana a duhu ba. Aya ta 6 a Suratul Jinni ta ba da labarin mutanen da ke neman tsari wurin aljanu, abin bai ƙara musu komai ba sai wahala. Aya ta 128 a Suratul An'am kuwa kan wannan amfanar juna ɗin take kai tsaye, kuma a matsayin laifin da ake tuhuma ranar hisabi ta zo. Annabi Sulaimanu aka hore wa aljanu, shi ma mulki ne da ya roƙa kada a ba kowa bayansa. Ya tabbata a Bukhari cewa Manzon Allah (SAW) ya kama wani ifritu yana salla, ya so ɗaure shi, da ya tuna addu'ar Sulaimanu sai ya sake shi. Amma wai wani mai lambar waya biyu yana da su bakwai a aljihu, yana sayarwa. Haba jama'a!

Ga yadda cinikin ke tafiya, don kusan salo ɗaya ne. Za a fara da kuɗin turare, ɗan kaɗan, don ka saki jiki. Sai a ce rauhanin ya zo amma ya ƙi wannan turaren, sai wani da ake kawowa daga ƙasar waje. Sai zakara, sai rago marar tabo. Wani lokaci a shigar da kai ɗaki mai duhu ka ji murya a shaƙe daga bayan labule, ko a kira ka tsakar dare a ce Sarkin Aljanu ne ke magana, ya faɗi sunan mahaifiyarka, wanda kai ka ba su tun ranar farko. A ƙarshe a miƙa maka ƙunshi a ce kada ka buɗe sai bayan kwana arba'in, kuma in ka faɗa wa wani za ka haukace. Wannan sharaɗin shi ne ginshiƙin damfarar. Ranar da ka buɗe, takardu ne aka yanka daidai girman naira dubu, lambar kuma a kashe. Matan da aka ce su zo su kaɗai da dare, abin da ke samun wasunsu ya fi asarar kuɗi muni, kunya kuma ta hana su magana.

Talauci da rashin aiki da finafinan da ke ƙawata boka suna da nasu kason a yaɗuwar wannan damfara, ban musa ba.

Abin yi: duk wanda ya sa maka sharaɗin ɓoye wa iyalinka, ka tashi ka bar wurin, ko da ka riga ka biya. Kada ka ƙara ko sisi don ceto na baya, ramin ba shi da ƙasa. Ka adana shaidar tura kuɗi da saƙonnin murya, ka kai wa 'yan sanda ko EFCC. Barazanar hauka ba ta kama kowa. Fargaba ce ke hana barci. Maigida, in matarka ta faɗa wannan tarko ta gaya maka, kada ka fara da zagi ko saki, don tsoron hakan ne ya sa ta yi shiru har aka cinye sarƙarta.

In kuwa ciwo ne ya sa ake zancen iska, a fara da asibiti. Mai faɗuwa yana kumfa da sanƙarewa, a gwada shi ko farfaɗiya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 50 ke da ita, kuma kusan bakwai cikin goma za su iya daina faɗuwa in sun samu magani yadda ya kamata. In ya faɗi, a janye wuta da abin da zai ji masa rauni, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu, kuma yawunsa ba ya sa wa kowa ciwon. Mai jin muryoyi, mai surutu shi kaɗai, mai jegon da ta rikice bayan haihuwa, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau, Kware, Barnawa da Maiduguri. Addu'a da karatun Alƙur'ani ba sa hana shan magani, kuma kai ma za ka iya yi wa naka a gida kyauta. Amma duk mai ruƙiyyar da ya ɗauko bulala ko ya turara barkono ya ce aljanin yake horarwa, ku karɓe ɗanku daga hannunsa a ranar, ku nuna wa likita tabon.