Yadda wayar hannu ta shiga yaƙi da tsutsar da ke cinye masara

A farkon shekarar 2016 ne masu bincike a cibiyar IITA da ke Ibadan suka tabbatar da ɓullar wata baƙuwar tsutsa a gonakin masara na Afirka ta Yamma, ciki har da Najeriya. Asalinta daga nahiyar Amurka take, masana kuma suna kiranta Spodoptera frugiperda. Cikin shekara biyu ta bazu a mafi yawan ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara, daga nan ta tsallaka Indiya a 2018.

Saurin yaɗuwarta yana da dalili. Uwar tsutsar, wadda ke kama da malam-buɗe-littafi, tana iya tafiyar kilomita 100 a dare ɗaya idan ta samu iska, kuma tana zuba ƙwai 100 zuwa 200 a zubi guda. Da tsutsar ta ɗan girma sai ta shige cikin kan masara ta ɓuya, inda maganin feshi ba ya kai mata sosai. Shi ya sa ganinta da wuri ya fi komai muhimmanci, a nan ne kuma waya ta samu aikin yi.

A 2018 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fitar da manhajar FAMEWS ta wayoyin Android. Manomi ko malamin gona zai zaga gona ya tsaya wuri biyar, ya duba tushen masara goma a kowane wuri, ya shigar da adadin waɗanda suka kamu. Manhajar za ta lissafa yawan ɓarnar, ta haɗa da inda gonar take ta hanyar GPS, ta tura rumbun bayanai. Da haka masana ke ganin inda tsutsar ta dosa a kan taswira.

Akwai kuma Nuru, manhajar PlantVillage ta Jami'ar Penn State a Amurka. Ita da ƙirƙirarriyar basira take aiki: a haska kyamara a kan ganye, ta faɗi ko ɓarnar wannan tsutsa ce. An koya mata ne da ɗimbin hotunan da ƙwararru suka tantance, kuma tana aiki ko babu intanet, abin da ya dace da ƙauyen da sabis ke wahala. Sai dai hoto mai duhu ko kyamara mai rauni na iya ruɗa ta, don haka ku san alamomin da idonku: zane mai kama da harafin Y a kife a goshin tsutsar, da ɗigo huɗu baƙaƙe a jere kamar murabba'i kusa da wutsiyarta.

To, bayan an gano ta fa? Masana sun daɗe da sanin cewa ƙwaro ma yana da maƙiyinsa. A shekarun 1970 wani farin ƙwaro daga Kudancin Amurka ya afka wa rogon Afirka. Masanin ƙwari Hans Herren da abokan aikinsa a IITA suka kawo wani ɗan mitsitsin zanzaro daga can inda ƙwaron ya fito, aka fara sakinsa a Najeriya a 1981, ya shawo kan annobar ba tare da feshi ba. Aikin ne ya ba Herren kyautar abinci ta duniya a 1995.

A Nijar ma ana irin wannan. Masu bincike na INRAN a Maraɗi suna kiwon zanzaron Habrobracon hebetor, a zuba shi a ƙananan jakunkunan algarara a rataye a ƙauyuka, ya fito ya kashe murzuna, tsutsar da ke cin zangarniyar gero. Ita ma baƙuwar tsutsar an samu maƙiyinta, Telenomus remus, yana rayuwa a ƙasashen Afirka har da Nijar. Shi a cikin ƙwanta yake zuba nasa ƙwan, sai ta mutu tun ba ta ƙyanƙyashe ba. Yawan feshi barkatai yana kashe waɗannan mataimakan tare da tsutsar.

Ku ma kuna da rawar takawa. Manhajar iNaturalist tana karɓar hoton kowane ƙwaro tare da wuri da ranar da aka ɗauka, masana daga ko'ina su taya gane shi, kuma ta wannan hanya an sha samun ƙwari a wuraren da ba a taɓa rubuta cewa suna nan ba. Idan kun je gona a daminar bana, ku ɗauki hoton da rana, ku matso kusa, ku bar GPS a kunne, sannan ku nuna wa malamin gona kafin a sayi magani.