Maganin Tsoron da Ya Wuce Kima

Tsoro iri biyu ne. Akwai na hankali, wanda ke sa manomi ya duba ciyawa kafin ya sa hannu saboda kububuwa. Akwai kuma wanda ke maƙale wa abu guda, kamar ruwa, kare ko allura, ya daɗe wata shida ko fiye yana hana mutum harkokinsa. Wannan na biyun likitoci ke ɗauka a matsayin lalura.

A Dagona, cikin ƙaramar hukumar Bade ta Jihar Yobe, tsoron ruwa babbar naƙasa ce. Yankin na cikin fadamar Haɗeja da Nguru, inda kamun kifi da noman shinkafa suke abin dogaro, kuma idan ruwa ya cika, kwalekwale ne hanyar wasu ƙauyuka. Mai wannan tsoro sai ya fasa cin kasuwa, ya fasa zumunci. Duk ranar da ya kauce wa jirgi hankalinsa kan kwanta nan take, kuma wannan ɗan sauƙin ne ke ƙara wa tsoron ƙarfi.

Don haka maganin shi ne daina gudu, amma da tsari. Joseph Wolpe, likita daga Afirka ta Kudu, ya bayyana hanyar a littafinsa na 1958. Mai lalurar da mai yi masa magani kan jera matakai daga mafi sauƙi: kallon ruwa daga nesa, tsayawa a bakin gaɓa, tsoma ƙafa, zama cikin kwalekwalen da ke ɗaure, sannan tsallakawa da rigar kariya. Ba a barin mataki sai faɗuwar gaba ta lafa, jiki ya gane abin da ake tsoro bai auku ba. Lars-Göran Öst na ƙasar Suwidin ya nuna ana iya yin wannan a zama ɗaya na kimanin awa uku. Masu suma idan sun ga jini ko allura kuwa, ana koya musu ɗaure tsokokin jiki don kada bugun jininsu ya faɗi.

Jefa yaro cikin ruwa wai don ya saba ganganci ne, domin tilas kan ƙara tsoro. Ƙwayoyin kwantar da hankali su ma ba sa cire tushensa. Ana iya fara neman shawara a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Maiduguri.