Kada Rana Ta Cinye Hotonku

Sau da yawa akan tashi daga ɗaurin aure ko bikin suna da tsakar rana, a jeru a fili a ɗauki hoto. Da an duba sai a tarar rigar amarya ta yi fari fat, ɗinkinta ya ɓace, idanun jama'a kuwa sun nutse cikin inuwa. Ga shi biki ya wuce, ba a sake shi.

Dalilin wannan shi ne haske ya yi wa kamara yawa. Idon mutum yana iya ganin wuri mai haske da wuri mai duhu gaba ɗaya, amma kamara ba ta kai shi ba. In ta buɗe domin fuska ta fito, sai farar tufa ta ƙone. Ku lura da wannan: hoton da ya ɗan yi duhu ana iya gyara shi, amma inda haske ya cinye ba ya dawowa.

Saboda haka a zaɓi lokaci. Daga ƙarfe 11 zuwa ƙarfe 3 rana tana bisa kai, haskenta da kaifi. Da hantsi ko da la'asar sakaliya ya fi taushi. Kwanakin hazo ma suna taimako, gama ƙura tana rage ƙarfin rana.

In ya zama tilas a ɗauka da rana tsaka, sai a kai mutane inuwar bango ko ta babban itace, su duka. Kada rabi su tsaya a inuwa, rabi a rana. A guji inda rana take ɗigowa ta tsakanin ganye, domin takan bar tabo a fuska. Kada kuma a sa su fuskanci rana, za su runtse ido.

Mai ɗauka da wayar hannu ya taɓa fuskar mutum a gilashin, sa'an nan ya ja alamar haske ƙasa kaɗan har ɗinkin riga ya bayyana. Mai babbar kamara kuwa ya riƙe tsohuwar ƙa'idar masu hoto: in rana ta take, a sa ISO 100, ƙofar haske f/16, sauri 1/125. Fitilar kamara kuma tana korar inuwar da hula ko ɗankwali ke jefawa a ido, muddin kana kusa.

Kafin a watse, a duba hoton a inuwa. In bai yi ba, a sake tun kaka ba ta tashi daga kujera ba.