Malamin Majinyata: Gurbin da Ba a Cike ba a Asibitocin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa

Gabatarwa

Duba mara lafiya haƙƙi ne na Musulmi a kan ɗan'uwansa, kamar yadda ya tabbata a hadisin Abu Huraira (RA) da Bukhari da Muslim suka ruwaito, inda aka jera shi tare da amsa sallama da rakiyar jana'iza. A hadisin ƙudusi da Muslim ya kawo kuma, Allah zai tuhumi bawa ranar ƙiyama a kan mara lafiyar da ya sani bai je ya duba ba. Bahaushe ya riƙe wannan da hannu biyu. Duk wanda ya taɓa shiga asibiti a ƙasar Hausa da la'asar ya ga tabarmin dangi a haraba, da kwanukan fura da kunu, ya kuma ji ana ta "sannu, Allah Ya sa kaffara ce".

Sai dai dubiya irin ta gargajiya ta ginu ne a kan sharaɗi guda: majinyaci yana kusa da gida, danginsa da limamin unguwarsu za su iya isa gare shi. Wannan maƙala tana ganin sharaɗin ya rushe a kudancin Jihar Katsina, don haka abin da a da ake bar wa zumunci ya zama yana buƙatar mutum takamaimai, mai horo, wanda za a iya tambaya idan ya gaza. Ko sunan da za a ba shi ma sai an yi shawara. "Malamin asibiti" tuni Hausa ta ba ma'aikacin lafiya wannan suna, "limamin asibiti" kuma yana kai hankali ga mai jan salla a masallacin haraba. A nan za a kira shi malamin majinyata.

Asalin aikin

Bayan yaƙin Handaƙ a shekara ta 5 bayan hijira, an kwantar da Sa'ad bn Mu'az (RA) a wata hema cikin masallaci domin Annabi (SAW) ya riƙa duba shi daga kusa, malaman sira kuma sun ambaci Rufaida al-Aslamiyya a matsayin mai jinyar waɗanda suka ji rauni a can. Asibitocin da suka biyo baya, irin na Nuruddin Zanki a Dimashƙa (1154) da na Sarki Ƙalawun a Alƙahira (1284), da dukiyar waƙafi aka tafiyar da su. A ƙasarmu ma Shehu Abdullahi bn Fodiyo ya haɗa maslahar addini da ta jiki a littafi guda, wato Masalihul Insan, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya yi rubuce-rubuce a kan magani.

Amma mayar da aikin sana'a mai manhaja da jarrabawa, wannan daga Yamma ya fito. A 1925 wani fasto mai suna Anton Boisen ya fara kai ɗaliban addinin Kirista asibitin masu taɓin hankali na Worcester a Amurka, domin su koyi sauraron majinyaci kafin su yi masa wa'azi. Cicely Saunders, wadda ta buɗe gidan kula da masu jinyar ajali a Landan a 1967, ta yi bayanin cewa zafin ciwo yana haɗa na jiki da na zuciya da na iyali da na ruhi, kuma ma'anar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2002 game da sassauta wa masu ciwo mai tsanani ta ambaci ɓangaren ruhi ƙarara. Musulmin Amurka da Ingila da Malesiya sun ɗauki tsarin suka cika shi da fiƙihu. A Nijeriya rundunar soja tana da limamai da fastoci masu albashi da muƙami. Asibitocin gwamnati kuwa sun fi dogara ga masallacin haraba da ziyarar 'yan agajin Jama'atu da Izala da Fitiyanu, musamman a watan azumi.

Halin da yankin ke ciki

Ƙanƙara da Faskari suna iyaka da Jihar Zamfara, Sabuwa kuma tana maƙwabtaka da Birnin Gwari ta Jihar Kaduna, kuma dazuzzukan da ke tsakani su ne mafakar 'yan bindiga shekara da shekaru. A watan Yunin 2020 an kashe gomman mutane a Kadisau ta Faskari. Ranar 11 ga Disamba na shekarar aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 ranar 17 ga wata. A Satumbar 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, ciki har da waɗannan uku. A Janairun 2025 maharan suka shiga babban asibitin Ƙanƙara kansa, suka harbi likita, suka tafi da mutane.

Wanda aka harba a ƙauyen Sabuwa ko Faskari, idan raunin ya fi ƙarfin asibitin kusa, Funtuwa ake wucewa da shi, daga nan kuma sai Shika a Zariya ko asibitin koyarwa na tarayya da ke Katsina. Sau da yawa danginsa suna gudun hijira, ko suna fafutukar haɗa kuɗin fansar wani, ko suna zaman makokin waɗanda ba su tsira ba. Yakan rage shi da yaro guda mai zaman jinya, wanda bai san hukuncin komai ba, yana kuma jin nauyin tambayar nas.

Fiƙihun kan gado

Abu Dawud ya ruwaito daga Jabir (RA) labarin mutumin da dutse ya fasa wa kai a wata tafiya, sannan janaba ta same shi. Ya tambayi abokan tafiyarsa ko yana da rangwamen taimama, suka ce ba su ga rangwame ba tunda ga ruwa. Ya yi wanka ya rasu. Da labari ya isa ga Annabi (SAW) sai ya ɗora musu alhakin mutuwarsa, ya kuma zarge su da rashin tambaya a kan abin da ba su sani ba. Malaman hadisi sun yi magana a kan ƙarin da ke ƙarshen ruwayar, amma darasinta a fili yake: fatawar da aka bayar a gefen gado tana iya kisa. Mai kyakkyawar niyya da ya ce wa majinyaci ya kwance bandeji ya yi alwala, ko ya hana a yi masa allura da rana a watan Ramadan, yana kan turbar waɗancan matafiya.

Abin mamaki shi ne amsoshin suna cikin littattafan da ake karantawa a zaurukan Faskari da Ƙanƙara tun kaka da kakanni. Risalar Ibn Abi Zaid ta bayyana cewa mara lafiya ba ya jinkirta salla matuƙar yana cikin hankalinsa, sai ya yi ta gwargwadon ikonsa. Idan shimfiɗarsa tana da najasa, ya shimfiɗa tufa mai tsarki mai kauri a kai ya yi sallarsa. Idan babu mai miƙo masa ƙasa, ya yi taimama da bangon da ke gefensa in na laka ne, banda wanda aka shafe da farar ƙasa. Bangon asibiti siminti ne da fenti, don haka ɗan dutse mai tsafta a kan akwatin gefen gado ya warware matsalar, tunda Malikiyya sun halatta taimama da dutse. A mazhabar kuma fitar jini daga rauni ba ya warware alwala. Wanda aka sa wa robar fitsari hukuncinsa yana komawa ga babin yoyon fitsari, wanda ba ya karya alwala idan ya lazimci mutum rabin lokaci ko fiye. Wanda ya suma har lokacin salla ya fita gaba ɗaya, babu ramuwa a kansa. Majinyata da yawa suna barin salla kwanaki, suna kwance da damuwar sun yi saɓo, alhali bayanin minti biyar zai sauke musu wannan nauyi.

Akwai kuma abin da tsoffin littattafai ba su gani ba. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1997, ta yanke cewa allurar magani a fata ko tsoka ko jijiya ba ta karya azumi, amma ta ware ruwan da ake ƙarawa domin ya maye gurbin abinci. Malamin da iliminsa ya tsaya a Ahalari da Iziyya ba zai san wannan ba.

Wata mas'ala da ta zama ruwan dare a yankin ita ce gawar wanda 'yan bindiga suka kashe. Hadisi ya inganta cewa wanda aka kashe yana kare dukiyarsa shahidi ne, shi ya sa wasu dangi ke cewa a binne shi da kayan jikinsa. A wurin Imam Malik, wanda ɓarayi suka kashe ko aka kashe bisa zalunci ana yi masa wanka da likkafani da salla, shahadarsa ta lada ce a lahira. Hanafiyya suna da wani ra'ayi dabam. Irin wannan gardama a bakin mutuware, cikin kuka, tana buƙatar wanda zai raba ta da ilimi da tausasawa.

Abin da ya fi fiƙihu wuya

Hukuncin taimama ana iya rubuta shi a manna a bango. Abin da ba ya mannuwa shi ne zama kusa da magidancin da aka yanke wa ƙafa, aka kashe 'ya'yansa biyu, yana tambayar laifin da ya yi wa Allah. A al'adarmu da wuya a bar shi ya kai ƙarshen maganar, nan take za a rufe shi da "yi haƙuri, ƙaddara ce". Maganar gaskiya ce, amma idan ta zo da wuri sai ta zama umarnin yin shiru. Annabi Yaƙub (AS) ya kai kukansa da baƙin cikinsa ga Allah, kamar yadda ya zo a Suratu Yusuf aya ta 86, Annabi (SAW) kuma ya zubar da hawaye a rasuwar ɗansa Ibrahim. Hadisin Jabir da ke Muslim ya yi umarni da kada mutum ya mutu face yana kyautata wa Allah zato, kuma ba a kai mai raɗaɗi ga wannan matsayi da tsawa. Ko laƙƙana kalmar shahada, malamai sun ce a faɗe ta a hankali kusa da shi, ba a matsa masa, ba a kuma maimaitawa sai idan ya yi wata magana bayanta.

Waɗanda suka dawo daga daji sukan zo da firgita cikin barci, da razana idan sun ji ƙarar babur, da ƙin magana. Abin da aka fi saurin cewa shi ne iska ce, a nemo mai ruƙiyya. Ruƙiyya da Alƙur'ani da addu'o'in da suka tabbata halal ce, sai dai Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 322 bayan hijira, ya riga ya bambance baƙin cikin da ke da sanannen dalili da wanda tushensa ke cikin jiki, yake kuma buƙatar magani. Malamin majinyata shi ne mutumin da iyali za su yarda da shi idan ya ce a ga likitan ƙwaƙwalwa, kamar yadda za su fi jin maganarsa idan suna shirin sa hannu su ɗauke mai karaya zuwa wurin mai ɗori alhali raunin ya fara ruɓa.

Matan da aka yi wa fyaɗe a hannun masu garkuwa ba za su buɗe baki ga namiji ba. Suna buƙatar malama da za ta tabbatar musu cewa shari'a ta ɗauke laifi daga wanda aka tilasta, ta kuma san inda iyakarta take: maganar ciki da idda da makomar auren wadda mijinta ya ɓace ta alƙali ce da manyan malamai. Tsarin jajis na Nana Asma'u da makarantun FOMWAN na yau sun nuna cewa samun irin waɗannan mata ba zai yi wuya ba.

Sannan ɗakin majinyata ba ya tankaɗe. Ɗan sa-kai na iya kwanciya gado ɗaya tsakaninsa da Bafulatanin ruga da aka far wa don ramuwar gayya, ko ma wanda ake zargi da kai hari. Akwai kuma Hausawa Kiristoci a ƙauyukan kudancin Katsina. Alƙur'ani ya yabi masu ciyar da fursuna a Suratul Insan aya ta 8, Annabi (SAW) kuma ya je duba yaron Bayahude da ke yi masa hidima. Malamin da zai tsallake gado saboda ƙabila, ko ya mayar da ɗakin fagen rikicin Izala da ɗariƙa, gara bai shigo ba. Idan Kirista ya nemi fastonsa, a kira masa shi. Su ma ma'aikatan da ke kwana a bakin aiki bayan an taɓa shigo musu da bindiga suna cikin waɗanda zai riƙa zama da su.

Horo da albashi

Sharaɗi na farko shi ne riƙe sirri. Majalisar Fiƙihun da aka ambata ta yi ƙuduri a kan sirrin aikin likita a zamanta na Burunai a 1993, kuma a garin da ake farautar masu kai wa 'yan bindiga rahoto, kalma ɗaya da ta fita daga gefen gado tana iya jawo asarar rai. Ba ya sayar da rubutu ko tofi, ba ya canza maganin da likita ya rubuta, ba ya shiga sai da izinin majinyaci.

Sassan nazarin addinin Musulunci na jami'o'in jihar suna yaye ɗalibai duk shekara, mafi yawansu kuma koyarwa kaɗai ke jiransu. Kwas na wata shida zuwa tara da zai haɗa fiƙihun mara lafiya da dabarun sauraro da sanin alamomin ciwon ƙwaƙwalwa, rabinsa a aji rabinsa a asibiti ƙarƙashin kulawar likita da malami, abu ne da za a iya tsarawa da haɗin gwiwar ƙungiyar likitoci Musulmi ta IMAN. Albashi kuwa, tun da waƙafi ne ya riƙe asibitocin Dimashƙa da Alƙahira, hukumar zakka da waƙafi ta jiha ita ce ƙofar farko da ya kamata a ƙwanƙwasa. Aikin sa-kai zalla yakan yi ƙarfi a Ramadan ya yi sanyi bayan Salla.

Ana iya farawa da mutum biyu, namiji da mace, a Ƙanƙara, da wasu biyu a Funtuwa inda majinyatan Faskari da Sabuwa ke taruwa. Idan motar asibiti ta tashi da wani zuwa Shika ko Katsina, malamin ya kira takwaransa na can ya ba shi sunan majinyacin da ƙauyensu, ya kuma gaya masa ko akwai wanda ya biyo shi.