Zaɓen Kansiloli a Scotland: Inda Mai Kujeru Mafi Yawa Kan Zauna a Ɓangaren Adawa

Ranar 5 ga Mayu, 2022, mutanen Scotland, yankin arewacin Birtaniya, suka fita zaɓen kansilolin ƙananan hukumominsu 32. Da aka gama ƙidaya a Edinburgh, babban birnin yankin, kujeru 63 na majalisar birnin sun rarrabu kamar haka: jam'iyyar SNP mai neman ɓallewar Scotland ta samu 19, Labour 13, Liberal Democrats 12, Greens masu rajin kare muhalli 10, Conservative 9. Duk wanda ya ga wannan zai ce SNP ce ta yi nasara. Amma kafin watan ya ƙare, Cammy Day na Labour, jam'iyyar da ta zo ta biyu, shi ne ya zama jagoran majalisar, da ƙuri'un kansilolin Liberal Democrats da na Conservative. Haka aka yi a Fife, inda SNP ke da kujeru 34, Labour ke da 20, kuma Labour ɗin ce ta kafa mulki.

Ba maguɗi aka yi ba, ba kuma kotu ce ta ƙwace ba. Abu biyu ne suka haɗu. Na farko, a can jama'a ba sa zaɓen shugaban ƙaramar hukuma kai tsaye kamar yadda ake yi a Najeriya. Kansiloli ake zaɓa, su kuma su fitar da jagora a tsakaninsu. Na biyu shi ne salon jefa ƙuri'ar da ƙidayarta, wanda suke taƙaita sunansa da STV, wato ƙuri'a guda ɗaya wadda ke iya ƙaura daga hannun ɗan takara zuwa wani.

A wannan tsari mazaɓa ba ta kansila ɗaya ba ce. Yawancinsu kansiloli uku ko huɗu suke fitarwa. Mai zaɓe ba ya dangwala wa mutum ɗaya ya tafi. Lambobi yake rubutawa a gaban sunaye: 1 ga wanda ya fi kwanta masa a rai, 2 ga mai bi masa, 3 ga na gaba, ya tsaya inda ya ga dama. Ƙuri'arsa dai ɗaya ce. Lambobin umarni ne kawai ga masu ƙidaya: idan zaɓina na farko ba ya bukatarta, ko kuma ba za ta yi masa amfani ba, ku miƙa ta ga na biyu.

Ƙidayar kan fara ne da fitar da adadin da ɗan takara ke bukata. A ɗauka mazaɓa ce mai kujeru huɗu, an jefa sahihan ƙuri'u 10,000. Sai a raba su gida biyar, wato yawan kujeru da ƙarin ɗaya, a samu 2,000, a ɗora ɗaya a kai. Duk wanda ya kai 2,001 ya ci. Dalilin lissafin a fili yake: mutum huɗu na iya kai wa wannan adadi, na biyar ba zai iya ba, don abin da ya rage bai kai ba. To, a ce wata 'yar takara ta samu 3,000 a zaɓin farko. Tana da rarar 999. Kamar mudu ne da ya cika ya yi tozo. Abin da ya zubo ba a bar shi a ƙasa ba, sai a kwashe a zuba wa na gaba. Amma ƙuri'un wa za a kwashe, tunda duk nata ne? Dokar Scotland ta ce a duba dukkan takardu 3,000 ɗin, kowace a miƙa ta ga wanda aka rubuta wa 2, sai dai da ragaggen nauyi, kimanin kashi ɗaya bisa uku na ƙuri'a. Idan an gama rabon rara kuma har yanzu da sauran kujera, sai a cire na ƙarshe a jeri, a raba ƙuri'unsa ga zaɓin masu shi na gaba. Haka za a yi ta zagayawa har kujeru su cika. Wahalar wannan lissafi ce ta sa na'ura ke karanta takardun a Scotland. A Ailan kuwa, inda tsarin ya haura shekara ɗari, da hannu ake ƙidaya, wani lokaci a kwana biyu ko uku ana abu ɗaya.

Me ya kai su ga wannan dogon aiki? Amsar tana Glasgow. A zaɓen 2003, lokacin da kowace mazaɓa ke fitar da kansila ɗaya kuma wanda ya fi yawa ya kwashe, Labour ta samu ƙasa da rabin ƙuri'un birnin amma ta tashi da kujeru 71 cikin 79. Fiye da rabin masu zaɓe suka raba kujeru takwas. A shekarar ne Liberal Democrats suka sanya sauya tsarin cikin sharuɗɗan ci gaba da ƙawance da Labour a gwamnatin Scotland, aka yi dokar a 2004, aka fara aiki da ita a 2007. Nan take kujerun Labour a Glasgow suka sauko zuwa 45, SNP ta samu 22. A 2017 SNP ta karɓe jagorancin birnin da kujeru 39 cikin 85. A 2022 kuwa ratar kujera ɗaya ce: SNP 37, Labour 36, Greens 10, Conservative 2. Jagorar majalisar, Susan Aitken, ta koma kujerarta a mazaɓar Langside, amma wata sabuwar 'yar takarar Greens, Holly Bruce, ta sha gabanta a zaɓin farko. A tsohon tsari da wannan kaɗai ya isa ya mayar da Aitken gida.

Mai karatu a Kano zai tuna Oktoban 2024, lokacin da hukumar zaɓen jihar ta ayyana jam'iyyar NNPP a matsayin wadda ta lashe shugabancin ƙananan hukumomi 44 da kujerun kansiloli 484 baki ɗaya, kuma irin haka ake gani a jihohi da dama, ko wace jam'iyya ce ke riƙe da gidan gwamnati. Sai dai kada a yi gaggawar cewa maganin ke nan. A Glasgow ba wanda ya yi jayayya da alƙaluman 2003; ƙa'idar rabon ce aka ce ba ta yi adalci ba. Inda takaddamar take kan alƙaluman kansu, sauya ƙa'idar rabo ba zai kashe ta ba.

Sakamakon 2022 a faɗin Scotland ya nuna abin da tsarin ke haifarwa. SNP ta samu kimanin kashi 34 cikin ɗari na zaɓin farko da kujeru 453, Labour 282, Conservative 214, Liberal Democrats 87, Greens 35, sannan 'yan takara masu zaman kansu fiye da 150, galibi a tsibirai da ƙauyukan arewa. Dundee ta ba SNP rinjaye kai tsaye, West Dunbartonshire ta ba Labour. A mafi yawan sauran sai da aka zauna ciniki. Kuma a Scotland cinikin ba ya bin ra'ayin tattalin arziki kaɗai. Batun ɓallewa daga Birtaniya ya raba jama'a gida biyu, har ya shiga cikin lambobin da ake rubutawa: magoya bayan SNP da na Greens kan ba juna 2, yayin da mai zaɓen Conservative kan gwammace ya ba Labour, abokiyar hamayyarsa ta tun fil'azal, da ya ga SNP ta ƙara kujera. Abin da ya faru a zauren majalisar Edinburgh ci gaban abin da masu zaɓe suka fara ne a rumfa.

A ganina nan ne ƙarfin tsarin yake, kuma nan ne masu sukarsa ke da hujja. Majalisa ta fi kama da garin da ta fito daga cikinsa, mutum kuma na iya zaɓen ƙaramar jam'iyya ba tare da fargabar ya zubar da ƙuri'arsa ba. Amma wanda zai riƙe kasafin makarantu da shara da gidajen haya, a ɗakin tattaunawa ake tsayar da shi bayan an rufe rumfuna, kuma mai zaɓe ba ya wurin. Jam'iyya mai kujeru 13 cikin 63 ba ta iya zartar da ko sisi sai da yardar wasu, wanda ke nufin kowace shekara sai an sake zaman ciniki a kan kasafi.

Akwai kuma ƙananan lahani da ba a cika faɗa ba. Ana jera sunaye ne bisa haruffa, kuma idan jam'iyya ta tsayar da mutum biyu a mazaɓa ɗaya, wanda sunansa ke sama shi ya fi samun 1, don mai zaɓen da jam'iyya kawai ya sani daga sama yake farawa. Mai suna da harafin A ya fara tseren da rata. Wanda ya fi wannan ciwo shi ne lalatattun ƙuri'u. Mutumin da ya saba da sanya alamar gicciye a zaɓen 'yan majalisar Birtaniya, idan ya ga 'yan jam'iyyarsa biyu ko uku sai ya gicciye musu duka, takardar ta tashi a banza. A 2022 kusan ƙuri'a biyu cikin ɗari aka soke a faɗin yankin, amma a mazaɓar Canal, ɗaya daga cikin unguwannin marasa ƙarfi na Glasgow, sun haura biyar cikin ɗari. 'Yan Najeriya da 'yan Ghana mazauna Glasgow da Aberdeen da ke da izinin zama suna da damar yin wannan zaɓe, haka ma matashin da ya cika shekara 16, kuma a watan Mayun 2027 za a sake miƙa musu takardar.