Kafin Ka Miƙa Wa Dillali Kuɗinka, Tambayi Motar Tarihinta

A damunar bara wani ƙanena, malamin makarantar sakandare, ya kira ni cike da murna cewa ya yi mota. Shekara uku yana zubin adashe, ya haɗa da rancen da ya karɓa a wurin aiki, ya je wajen wani dillali a Kano ya ɗauko wata 'yar Beljiyam ƙirar 2008, baƙa wuluk, tana sheƙi kamar ranar aka ƙera ta. Mitarta na nuna mil 74,000. Bayan wata biyu gilashin ƙofa ya daina sauka, fitilun dashbod suka shiga kunna kansu, daga bisani ta mutu murus tsakanin Zariya da Kano, da iyalinsa a ciki, ga magariba ta kawo jiki. Da mai gyaran wayoyi ya ɗaga kafet, sai ga busasshen taɓo, ƙusoshin kujeru kuwa sun yi jajir da tsatsa. Sai a lokacin, bayan aikin gama ya gama, muka tuna da lambar shasi. Muka biya 'yan kuɗi kaɗan a intanet, rahoto ya fito: motar ta nutse a ambaliyar ruwa a Amurka, kamfanin inshora ya yanke cewa ba ta gyaruwa, aka yi gwanjonta, kuma ranar ƙarshe da aka rubuta mitarta tana kan mil 188,000.

Ba zan ɗora masa laifin shi kaɗai ba, domin ni yayansa na ga motar, ban kuma tambayi komai ba sai farashi. Haka yawancinmu muke, mu da ake kira 'yan boko. Mutumin da ba zai ɗauki akawu aiki ba sai ya ga takardunsa, shi ne zai zuba miliyoyi a kan mota saboda fenti ya yi masa kyau.

Abin takaicin shi ne, akasarin waɗannan motoci suna da rubutaccen tarihi a inda suka fito. A Jamus doka ta wajabta a kai mota gwaji idan ta shekara uku, daga nan kuma duk bayan shekara biyu. Ita kanta Beljiyam da muke laƙaba wa motocin sunanta, tun 2006 take da tsarin Car-Pass, inda gareji ke aika adadin kilomitar mota duk lokacin da aka kawo ta gyara, don kada wani ya mai da mita baya. To amma ba masu lafiyar ake fara turo mana ba. Rahoton da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya karɓa. Binciken da hukumomin Holan suka yi a kan waɗanda ake lodi daga ƙasarsu ya gano yawancinsu ba su da takardar gwaji mai aiki a ranar da aka fitar da su.

Don haka, mai karatu, abin da za ka fara nema shi ne lambar shasi. Haruffa da lambobi ne guda 17, ana hango su a gindin gilashin gaba ta ɓangaren direba, suna kuma jikin ginshiƙin ƙofa. Ka tabbata na wuraren biyu sun zo ɗaya, sun kuma dace da na takardar kwastan. Wannan na ƙarshe ba wasa ba ne, domin tun da gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a Janairun 2017, mutane da dama sun rasa motocinsu a shingen kwastan saboda takardun jabu. A motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka, alama ta goma ce ke faɗin shekarar ƙira: 8 na nufin 2008, A kuma 2010. Dillalin da ya sauya wa mota fitilu da bamba don ta yi kama da sabon yayi bai iya sauya wannan cikin sauƙi. Da lambar kuma za ka nemi rahoto daga kamfanoni irin su Carfax, wani lokacin har hotunan motar a filin gwanjo za ka gani, gabanta a rugurguje. Dillalin da ya hana ka kwafar lambar ya riga ya ba ka amsa.

Rahoto dai abin da aka kai wa masu rubutu kawai yake ɗauke da shi, motar da ta shekara biyar a titunanmu kuwa babu mai rubuta mata komai. A nan sai ka koma ga jikinta, tare da bakanikenka, ba wanda dillali ya kira maka ba. Ku je da sassafe inji na sanyi, saboda injin da aka riga aka ɗumama yana ɓoye ƙara da hayaƙi. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi alamar inji na shan baƙin mai ne, fari mai kauri da bai yankewa kuwa ruwa ne ke shiga inda bai kamata ba. Buɗe murfin baƙin mai, in ka ga wani abu kamar shayi da madara, ka yi sallama da su. Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ka ga ko fitilar inji da ta jakar iska sun kama sannan su mutu bayan an tayar; wadda ba ta kama ba sam, mai yiwuwa cire ƙwanta aka yi. Bi jikin ƙofofi da ɗan maganaɗisu, inda ya ƙi kamawa a bodin ƙarfe ciko ne a ƙarƙashin fenti. Shinshina cikin but, zaro bel ɗin kujera har ƙarshensa ka duba tabon ruwa. Dubi robar birki da sitiyari: in sun cinye sun yi sumul alhali mita na cewa tafiyar kaɗan ce, su za ka gaskata. Taya ma tana da ranar haihuwa, lambobi huɗu a gefenta, 2318 na nufin mako na 23 na 2018, kuma zafin kwaltar Afrilu ba ya ragawa tsohuwar taya komai zurfin zanenta. Daga nan a ɗaga motar a leƙa ƙarƙashinta, a kuma hau babban titi da ita har giya ta shiga ta ƙarshe.

Akwai kuma namu laifin a gida. Da yawanmu kan sabunta takardar ingancin mota duk shekara ba tare da motar ta motsa daga ƙofar gida ba, mu ba yaro kuɗi ya kawo mana takarda. Ranar da muka tashi sayarwa, ita za mu nuna wa mai saye a matsayin shaida.

Ƙanena ya sayar da tasa a rabin kuɗin da ya saya, bayan ya nuna wa mai sayen rahoton da idonsa, ko da yake an ba shi shawarar ya yi shiru. Yanzu a babur yake zuwa makaranta, kuma har watan Maris mai zuwa za a ci gaba da cire rancen daga albashinsa.