Tsohon injin ban ruwa: yadda za ka tashe shi a gida

 

Hatsi ya shiga rumbu, hankali ya koma garka. Tun bayan farin 1984, lokacin da gwamnatin Seyni Kountché ta yi kira a kama noman rani, garka ta zama gona ta biyu ga talaka. A kwarin Tadis na Tawa, da Kaita, da bakin tafkin Tabalak, da Galmi, albasa ce babbar sana'ar rani. Albasar Galmi kuwa an san ta har Abijan da Akara. A da, da guga da ƙwarya ake ban ruwa. Yau mutane da yawa da inji suke yi.

To, amma gida nawa ne ke da inji kwance cikin zaure, ƙura ta rufe shi, ana cewa ya mutu? Maganarmu ta yau ke nan. Yawancin injin da aka ce ya mutu, bai mutu ba. Datti ne ya shaƙe shi.

Abin da ya sa na ɗauko maganar

A wani ƙauye na ƙasar Barmu, wani dattijo da ke ajinmu na dare ya tsaya bayan an tashi. Ya ce mini:

"Malam, irin albasata ya fito, saura kwana 20 dashe. Injina rani biyu bai tashi ba. Na kai ma mai gyara, ya ce in saya sabo. Ni kuwa ba ni da shi, sai in na sai da tumakin gida."

Na ce: "Baba, kada ka taɓa tumakin tukuna. Gobe da safe mu duba shi tare."

Abin da muka yi da shi, shi zan gaya muku daki-daki.

Yadda inji ke aiki

Cikin inji akwai wani ƙarfe da ake kira fistan. Yana hawa yana sauka cikin tukunyarsa, kamar taɓarya cikin turmi. Tafiya 4 yake yi. Ya sauka, ya zuƙo iska da mai. Ya hau, ya matse su. Buji ya ba da wuta, man ya kama, ya tura fistan ƙasa da ƙarfi. Ya sake hawa, ya fid da hayaƙi. Wani mutumin Jamus mai suna Nikolaus Otto ya ƙera inji mai wannan tafiya a 1876. Irin wannan ƙaramin inji ne Turawa ke yankan ciyawar ƙofar gida da shi. Mu ciyawarmu ta dabbobi ce, sai muka sa shi jan ruwa.

Ke nan abu 4 inji yake so: mai, da iska, da wuta, da matsi. In ɗaya ya rasa, ba ya tashi. Aikinka shi ne ka gano wanda ya rasa. Ka fara da mai sauƙi, ka ƙare da mai wuya.

1. Shiri

Ka sami inuwa a fili, nesa da murhu. Ba taba, ba ashana, yara su matsa. Ka shimfiɗa buhu mai tsabta. Ka goge jikin injin da tsumma kafin ka kwance kome, don kada ƙasa ta faɗa ciki.

Duk abin da ka kwance, ka jera shi bisa buhun daga hagu zuwa dama, kamar yadda muke rubutun boko. Wajen mayarwa sai ka faro daga dama.

Ka nemi sunan injin da lambarsa, ka rubuta cikin littafinka. Akwai Honda, akwai Robin, akwai na ƙasar Sin masu kama da Honda. Lambobin da zan ba ku yau na Honda GX160 ne da masu kama da shi. In za ka sayen kayan gyara a Tawa, ka tafi da lambar a rubuce, da tsohon abin a aljihu.

2. Ko yana juyawa?

Ka zare hular buji, ka kwance bujin da mabuɗinsa. Ka ja igiya sannu. In ta biyo ka, alhamdu lillahi.

In ta ƙi, kada ka yi da ƙarfi. Ka zuba man inji cokali 1 cikin ramin buji, ka bar shi ya kwana biyu, sa'an nan ka sake gwadawa. In har yanzu ta ƙi, ka buɗe murfin famfo, wato gefen da ruwa ke bi. Cikinsa akwai farfela mai jan ruwa. Sau da yawa rairayi da tsatsa ne suka riƙe ta. Ka kankare, ka wanke.

3. Man inji

Man inji dabam, isansi dabam. Isansi, wanda waɗansu ke kira fetur, shi ke ƙonewa. Man inji shi ke hana ƙarfe cin ƙarfe.

Ka kwance ƙusar da ke ƙasan injin, tsohon man ya tsiyaye cikin gwangwani. Kada ka zubar da shi kusa da rijiya ko cikin fangali. Ka mayar da ƙusar. Ka aje injin wuri mai daidai, ka zuba sabon mai har ya kawo bakin ramin. Abin da yake ci ya ɗara rabin litir kaɗan.

Ku lura da wannan. Yawancin injunan nan suna da wani abu a ciki mai tsaron mai. In man inji ya yi ƙasa, sai ya ɗauke wuta, injin ya ƙi tashi ko ya mutu da kansa. Waɗansu sukan tsinke wayarsa don su huta. Kada ka yi haka. Shi ke hana injinka ƙonewa.

4. Isansi

Isansi ba ya son ajiya. In ya yi wata ɗaya ko biyu cikin inji yakan fara lalacewa. Mai sauƙin ya tashi, ya bar wani abu kamar ƙaro. Wannan ƙaron ne ke kwantar da inji da yawa.

Ka juye tsohon isansi duka. Ka leƙa tanki da tocila. In akwai tsatsa ko ruwa, ka ɗauraye da sabon isansi kaɗan, ka juye.

Daga tanki, isansi yana zuwa karburato, wurin da yake gauraya da iska. Ƙarƙashin karburato akwai ɗan kofi na ƙarfe, ƙusa ɗaya ke riƙe da shi. Ka rufe makunnin isansi, ka kwance kofin, ka wanke shi. Ka kula da zoben robarsa, kada ya tsinke.

Sama da kofin, a tsakiya, akwai wata ƴar ƙusa ta jan ƙarfe mai rami kamar kafar allura. Ta nan isansi ke bi. Ka kwance ta, ka ɗaga ta wajen haske. In ba ka ga haske ta ramin ba, ka sami ciwon. Ka jiƙa ta da isansi, ka hura ta da famfon keke. In ta ƙi, ka zura silin waya ɗaya mai laushi. Kada ka sa allura ko ƙaya. In ramin ya faɗaɗa, injin zai riƙa shan isansi fiye da kima har abada.

Isansin kwalba da ake sayarwa bakin hanya, a tace shi da ƙyalle mai tsabta kafin a zuba.

5. Iska

Bisa karburato akwai akwati, cikinsa akwai matacin iska. In soso ne, ka wanke shi da ruwa da sabulu, ya bushe sarai. Ka ɗiga masa man inji, ka matse. In na takarda ne, ba a wanke shi da ruwa. Ka bubbuga shi ƙurar ta zube. In ya yage, sai sabo.

Kada ka tashi inji ba mataci, ko na awa ɗaya. Ƙurar hunturu da ta shiga ciki tana goge ƙarfe kamar dutsen wasa wuƙa.

Ka leƙa bututun hayaƙi kuma. Zanzaro yana son gina ɗakinsa a ciki. Injin da bai fid da hayaƙi ba, ba ya zuƙar iska.

6. Wuta

Ka dubi bakin buji, zai gaya maka lafiyar injin. In launin ƙasa-ƙasa ne, lafiya lau. In baƙi ne busasshe kamar gindin tukunya, isansi ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. In baƙi ne mai maiƙo, man inji ne ke hawa sama.

Ka goge shi da burushin waya. Tsakanin bakinsa biyu akwai ɗan fili, 0,7 zuwa 0,8 na milimetir, wato bai kai milimetir 1 ba.

Ka mayar masa da hularsa. Ka mai da makunni wajen haruffa biyu, O da N. Wajen haruffa uku, O F F, kashewa ne. Ka riƙe hular ta robarta, ka jingina ƙarfen bujin a jikin injin, nesa da ramin buji, inda ba isansi. Wani ya ja igiya. In ka ga wuta shuɗiya tana ƙyasƙyas, da kyau. In babu, ka gwada sabon buji. Lambarsa tana rubuce a jikinsa. Na wannan inji BPR6ES ne.

7. Matsi

Ka kashe makunni. Ka toshe ramin buji da babban yatsa, wani ya ja igiya. In iska ta ture yatsanka, akwai matsi. In ba ka ji kome ba, zobban fistan sun cinye, ko ƙofofin iska ba su rufe daidai. A nan ka tsaya. Wannan aikin makaniki ne, mai kayan awo. Amma yanzu za ka je masa da sani. Za ka ce: mai na zuwa, wuta akwai, matsi ne babu.

8. Tashi

Ka mayar da kome wurinsa. Buji da hannu ake fara ɗaura shi, sa'an nan mabuɗi.

Kafin ka ja igiya, ka cika cikin famfo da ruwa ta murfin sama. Wannan doka ce. Tsakanin inji da famfo akwai wani zobe mai tare ruwa, ruwan ne ke sanyaya shi. In famfo ya juya a bushe, zoben ya ƙone.

Ka buɗe isansi. Ka rufe ɗan hannun da ke toshe iska. Ka kunna, ka ja. Da ya kama, ka buɗe iskar sannu sannu.

In injin yana tafiya amma ruwa bai zo ba, ka bi tiyon da ke shiga rijiya. Huda kaɗan ko ɗauri sako-sako ya isa ya hana ruwa, don iska yake zuƙa. Bakin tiyon ya kasance da rariya, kuma kada ya kwanta cikin laka.

Gargaɗi mai girma

Irin wannan famfo ba ya ɗauko ruwan da ya wuce zurfin metir 7 zuwa 8, kome sabuntarsa. Don haka in ruwa ya ja baya cikin bazara, waɗansu sukan gina rami su saukar da injin, ko su sa shi cikin rijiya.

Ku saurara da kyau. Cikin hayaƙin inji akwai iska mai guba. Ba ta da wari, ba ta da launi. A fili iska na kwashe ta. Cikin rami taruwa take yi. Mutum ya ji ciwon kai da jiri, ya faɗi, ya kasa fita. Kada ka sauka ramin da inji ke tafiya a ciki, ko wanda aka kashe yanzu. Kada ka tura yaro. In wani ya faɗi ciki, a kira jama'a, a kashe injin daga sama in da hali. Kada kowa ya shiga sai da igiya a ƙugu, mutane na riƙe. A fito da shi fili, a kai shi asibiti maza. Cikin ɗaki ma ba a tashin inji.

Yadda ta ƙare da dattijo

Injin Baba abu 3 muka samu: ramin ƴar ƙusar nan ya toshe, zanzaro ya cika bututun hayaƙi, man inji ya koma kamar kwalta. Buji da mai kaɗai ya saya. Da la'asar, a ja na huɗu, injin ya kama. Ya tsaya yana kallon ruwa na bin fangali. Can ya ce:

"Malam, ashe rani biyu ina aron injin mutane don ramin da bai kai na allura ba."

Tumakinsa suna nan.

Don kada ya sake kwantawa

Ka ware shafi cikin littafinka. Kullum ka rubuta awa nawa injin ya yi. Kowace safiya ka duba man inji. Sabon inji, a canja masa mai bayan awa 20 na farko. Daga nan, duk awa 100. Matacin iska, duk awa 50, cikin ƙura kuwa a riƙa yi kafin haka.

Ranar da ka gama ban ruwan bana, ka juye isansin tanki da na ɗan kofi. Ka zubar da ruwan famfo. Ka zuba man inji cokali 1 a ramin buji, ka ja igiya sau 3, ka mayar da bujin. Ka sake ja sannu har ka ji ta yi nauyi, ka bar ta nan. Ka toshe bututun hayaƙi da tsumma, ka rufe injin, ka ɗora shi bisa katako.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Waɗanne abubuwa 4 inji yake so?
2. Don me ba a sa allura cikin ramin ƴar ƙusar karburato?
3. In injinka yana aiki awa 5 kullum, bayan kwana nawa za ka canja mai?
4. Me za ku yi in mutum ya faɗi cikin ramin inji?

Wanda ke da inji kwance a gida, ya kawo shi aji wannan mako, ku buɗe shi tare. Allah ya ba mu rani mai albarka. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.